Gottlob Frege, malamin lissafin da falsafar zamani ta rabu biyu a ƙofar gidansa

A ranar 26 ga watan Yulin 1925 wani dattijo ɗan shekara 76 ya rasu a Bad Kleinen, wani ƙaramin gari a arewacin Jamus. Ya shafe shekara 44 yana koyar da lissafi a jami'ar Jena, ya rubuta littattafan da masu karanta su ba su taka kara sun karya ba, kuma babban aikin da ya sadaukar wa rayuwarsa ya rushe a kan idonsa. In ban da 'yan tsirarun masana, babu wanda mutuwarsa ta dama. Sunansa Gottlob Frege. A yau shi ake ɗauka a matsayin wanda ya kafa ilimin manɗiƙi na zamani, kuma kakan ɗaya daga cikin manyan makarantu biyu da falsafar Turawa ta rabu a kansu.

Wannan rabuwa ta iso har bakin kogin Kwara. Yaron da ya tashi a Garou, cikin gundumar Malanville ta Jamhuriyar Benin, yana haɗuwa da falsafa tun a lise, ya rubuta ta a jarrabawar Bak, kamar takwaransa na Gaya a tsallaken gada. Ana koya musu su ɗauki babbar tambaya a kan 'yanci ko mulki ko mutuwa, su jawo Descartes da Kant da Marx da Sartre, su cika shafuka. Ɗan'uwansu na Kamba ko Birnin Kebbi kuwa ba ya ganin falsafa a sakandare. Sai ya shiga jami'a ake gabatar masa da ita a darasin gama-gari, kuma galibi da manɗiƙi ake fara masa: alamomi, jadawalin gaskiya da ƙarya, da yadda ake gano ɓaraka a cikin hujja. In biki ya haɗa su suka taɓa hira, kowa zai iya rantsewa cewa abin da ɗayan ya karanta ba falsafa ba ce. Tafarkin farko ya fi kusa da abin da ake kira philosophie continentale da Faransanci, wato falsafar nahiyar Turai. Na biyu ya fito ne daga philosophie analytique, falsafar feɗe magana, wadda tushenta ke komawa ga Frege.

An haife shi ranar 8 ga Nuwamban 1848 a Wismar, wani garin bakin teku. Mahaifinsa ne ya kafa wata makarantar 'yan mata a garin, da ya rasu a 1866 mahaifiyar ta ci gaba da riƙe ta. Frege ya shiga jami'ar Jena a 1869, ya wuce Göttingen inda ya yi digirin dakta a lissafi a 1873, ya koma Jena a 1874 ya fara koyarwa ba tare da albashi ba. Bai sake barin wurin ba sai da ya yi ritaya a 1918. Wanda ya tsaya masa shi ne tsohon malaminsa Ernst Abbe, masanin gilasan hangen ƙananan abubuwa na kamfanin Zeiss. Har ya bar aiki bai samu cikakkiyar kujerar farfesa irin ta manyan tsangaya ba, sai ta girmamawa da aka ba shi a 1896.

Manɗiƙin da ya tarar

Manɗiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Muhammad ɗan Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubuce-rubuce a kansa, har ya yi musayar ra'ayi da Imam Suyuɗi na Masar wanda ke ganin bai halatta a karanta shi ba. Har gobe akwai zaurukan da ake karanta Sullam na al-Akhdari. Wannan manɗiƙi na zaure da wanda Frege ya tarar a jami'o'in Jamus uwa ɗaya uba ɗaya suke, domin duka daga Aristo na Girka suka gangaro. Tsarinsa sananne ne: kowane mutum mai mutuwa ne, wane mutum ne, saboda haka wane mai mutuwa ne.

Matsalarsa ita ce yana ɗingishi da zarar kalmomi irin su kowane da wani suka haɗu a jimla ɗaya. A ce wani ɗan kasuwa yana bin kowane manomi a ƙauyen bashi. Ɗan kasuwa guda ne ya ɗaure ƙauyen gaba ɗaya, ko kuwa kowane manomi da nasa mai binsa? Jimlar tana ɗaukar duka biyun, alhali tsakaninsu akwai tazara mai yawa, kamar yadda duk alƙalin da aka kawo wa ƙarar zai shaida. Hujjojin lissafi cike suke da irin waɗannan jimloli, kuma tsohon manɗiƙi ba shi da ingantacciyar hanyar bin diddiginsu.

A 1879 Frege ya fitar da wani ɗan littafi mai shafi 88, Begriffsschrift, ma'ana rubutun tunani da alamomi. A ciki ya ajiye tsohuwar al'adar raba jimla zuwa wanda ake magana a kansa da abin da aka faɗa game da shi. Ya ɗauki jimla kamar lissafi mai gurabe: wane yana bin wane bashi, gurbi biyu ke nan da za a cike. Sannan ya ƙirƙiro hanyar nuna wane gurbi ne kalmar kowane ta kama, da kuma wadda ta riga wata tsakaninta da wani. Da wannan dabara ma'anoni biyu na jimlar bashi suka zama rubutu biyu daban, babu mai rikita su. Manɗiƙin da ake koyarwa yau a sassan lissafi da na kwamfuta a duniya daga nan ya taso.

Amma littafin bai samu karɓuwa ba. Alamominsa layuka ne masu rassa da ke gangarowa ƙasa a shafi, masu wahalar bugawa da wahalar karantawa. Ernst Schröder, wanda ake ji da shi a fannin a Jamus, ya yi sharhi yana ganin George Boole na Ingila ya riga ya yi abin da ya fi wannan sauƙi. Masana lissafi suka ce falsafa ce, masana falsafa suka ga alamomi suka ja da baya.

Buhun albasa da tauraruwa mai suna biyu

Abin da Frege ke nema ya wuce gyaran alamomi. So yake ya tabbatar cewa ilimin ƙidaya gaba ɗayansa reshe ne na manɗiƙi, cewa biyu da biyu huɗu ne saboda dokokin tunani kawai, ba don mun saba ganin haka a kasuwa ba. A 1884 ya bayyana manufarsa a littafi na biyu, Tushen Ilimin Ƙidaya, wannan karon da Jamusanci zalla ba alamomi. A nan ne ya fara aiki irin wanda daga baya ya zama sana'ar wata makaranta guda. Maimakon ya tambayi mene ne adadi a sararin sama, sai ya tambayi me mutum ke faɗa idan ya ambaci adadi a cikin jimla.

A nuna wa mutum kaya a kasuwar Malanville a ce masa nawa ne, dole ya tambaya: nawa ne me? Buhu ɗaya ne, albasa kuwa ɗaruruwa. Kayan bai canza ba, adadin ya canza. Ashe adadi ba siffa ce da ke manne a jikin kaya kamar nauyi ko launi ba. Yana rataye ne a kan kalmar da aka ƙirga da ita. Shi ya sa ma sifiri ke da ma'ana, domin ana iya cewa buhunan da suka rage a rumfa sifiri ne alhali babu wani abu a wurin da za a nuna da yatsa. Haka nan ya dage cewa adadi ba hoto ne da ke cikin kan mutum ba. In da haka ne, da bakwai ɗin wani ta bambanta da ta wani, da ciniki bai yiwu ba. Yadda mutane ke tunani aikin masana halayyar ɗan Adam ne. Abin da ke sa tunani ya zama gaskiya shi ne aikin manɗiƙi. Wannan iyaka ya tsare ta da zafi har ƙarshen rayuwarsa.

Maƙalarsa da ta fi shahara ta fito a 1892, kuma misalin da ya bayar a ciki kamar don Bahaushe aka yi shi. Gamzaki yana fitowa da asuba. Zara, matar wata, ana ganinta da almuru. Masana taurari sun tabbatar cewa duka biyun abu ɗaya ne, duniyar da ake kira Venus. To, wanda aka ce masa Gamzaki shi ne Gamzaki bai ƙaru da komai ba, amma wanda aka ce masa Gamzaki shi ne Zara ya samu sabon ilimi. In ma'anar suna ita ce kawai abin da sunan ke nunawa, yaya aka yi jimlolin biyu suka bambanta? Amsar Frege ita ce kowane suna yana ɗauke da abu biyu: abin da yake nunawa, da hanyar da yake bi ya nuna shi. Gamzaki da Zara sun haɗu a na farko, sun rabu a na biyu. Tambayar ƙarama ce a ido, amma sama da shekara ɗari ana rubutu a kanta, domin ta taɓa yadda harshe ke kama duniya, da yadda fassara daga wani harshe zuwa wani ke yiwuwa.

A daidai wannan lokaci akwai wani masanin lissafi a Jamus da tambayar adadi ta hana shi barci, Edmund Husserl. Ya fitar da littafinsa a kai a 1891, sun yi musayar wasiƙu da Frege, sannan a 1894 Frege ya yi wa littafin sharhi mai kaushi, yana zarginsa da cakuɗa manɗiƙi da abin da ke gudana a zuciyar mai ƙirga. Zuwa 1900 Husserl da kansa ya zama babban mai yaƙi da wannan cakuɗawa, ko da yake masana na saɓani a kan ko sharhin Frege ne ya juya shi. Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Frege ya bi ta harshe da hujja. Husserl ya bi ta yadda abubuwa ke bayyana ga wanda ke fuskantarsu, kuma a bayansa Heidegger ya biyo, sannan Sartre da Merleau-Ponty da Levinas da Derrida. Masanin Ingila Michael Dummett ya kwatanta su da kogunan Rhin da Danube, waɗanda ke tasowa kusa da juna amma kowane ya zuba a tekunsa.

Wasiƙar da ta rushe ginin

A 1893 Frege ya fitar da juzu'i na farko na babban aikinsa, Dokokin Asali na Ilimin Ƙidaya, inda ya shiga ciro lissafi daga manɗiƙi mataki-mataki. Juzu'i na biyu yana wurin masu ɗab'i lokacin da wasiƙa ta iso daga Ingila, mai ɗauke da kwanan wata 16 ga Yunin 1902. Marubucinta Bertrand Russell ne, ɗan shekara 30, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka karanta aikin da idon basira. Ya yaba, sannan ya nuna wata 'yar matsala.

Ana saukaka ta da labarin wanzami. A ce a wani gari wanzami yana yi wa duk wanda ba ya aske kansa aski, kuma su kaɗai yake yi wa. Wa ke yi wa wanzamin? In shi ke aske kansa, ya karya sharaɗin. In ba shi ba ne, ya shiga cikin waɗanda dole ya yi wa. A labarin wanzami mafita na da sauƙi, sai a ce babu irin wannan wanzami. Amma doka ta biyar cikin dokokin Frege ta ba da tabbacin cewa kowace siffa tana da rukunin abubuwan da suka dace da ita. Russell ya tambaya game da rukunin dukkan rukunonin da ba sa cikin kansu. Dokar ta ce akwai shi, kuma samuwarsa na haifar da magana mai ƙaryata kanta. Tsarin da ke iya haifar da haka yana iya tabbatar da komai, wato bai tabbatar da komai ba.

Cikin kwana shida Frege ya mayar da amsa. Bai yi musu ba, bai nemi mafaka a bayan kalmomi ba. Ya amsa cewa tushen gininsa ya girgiza, ya ƙara rataye a ƙarshen juzu'in da ya fito a 1903 yana bayyana wa masu karatu ɓarakar da kansa, tare da wani gyara da aka gano bayan rasuwarsa cewa shi ma bai toshe ta ba. Russell ya ci gaba da ambaton wannan amsa har tsufansa a matsayin misalin mutumin da ya fifita gaskiya a kan sunansa. Kuma a nan ake ganin ribar salon nasa: saboda ya shimfiɗa kowane mataki a fili ne har wani ya iya sa yatsa a kan wanda ya karye.

Shekarun da suka biyo baya masu nauyi ne. Matarsa Margarete ta rasu a 1904, Abbe ya bi ta a 1905. Ya ɗauki wani yaro mai suna Alfred ya riƙa. Juzu'i na uku bai taɓa fitowa ba. Sai dai a wannan lokacin na shiru ne mutum biyu suka ratsa ta wurinsa. A 1911 wani saurayi ɗan Ostiriya, Ludwig Wittgenstein, ya kawo masa ziyara, Frege ya ba shi shawarar ya tafi Cambridge wurin Russell. Rudolf Carnap kuma ya zauna a ajinsa tsakanin 1910 da 1914. Ya ba da labarin cewa Frege kan fuskanci allo ne yana rubutu, ɗalibai ba sa ganin komai sai bayansa, kuma a wani zangon su uku ne kacal a ajin, ciki har da wani tsohon hafsan soja mai ritaya.

Yadda gida ya rabu

Frege bai taɓa jin sunayen makarantun biyu ba. Bayan mutuwarsa aka raɗa su. A farkon shekarun 1930 Carnap ya ɗauki wasu jimlolin Heidegger a kan babu, ya feɗe su da manɗiƙin Frege, ya yanke hukuncin cewa ba ƙarya ba ne, ba su da ma'ana ne kwata-kwata. Sai siyasa ta shigo. Heidegger ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933. Husserl, wanda asalinsa Bayahude ne, aka mayar da shi saniyar ware. Carnap da abokansa na ƙungiyar masana ta Viyana suka watse, akasarinsu zuwa Amurka da Ingila. Haka falsafar da aka haifa da Jamusanci ta koma magana da Ingilishi. J. L. Austin na Oxford ya fassara littafin 1884 a 1950. Fassarar Faransanci ta Claude Imbert ba ta fito ba sai 1969.

Sunayen ma kansu ba su daidaita ba, domin ɗaya na nuna salon aiki, ɗaya na nuna wuri, kamar a raba kayan kasuwa zuwa masu nauyi da kuma na Kwatano. Amma bambancin na gaske ne, kuma maganar alkawari na nuna shi. Austin ya tambayi me ke sa furuci ya zama alkawari, waɗanne sharuɗɗa ne in babu su maganar ta tashi a banza, ya bi misalai ɗaya bayan ɗaya. Nietzsche, wanda 'yan nahiya ke ji da shi, ya tambayi ta yaya aka horar da ɗan Adam har ya zama mai iya ɗaukar alkawari, ya bi sawun bashi da azaba da iko a tarihi. Mai feɗe magana yana yanko ƙaramar tambaya, ya tantance kalmomi, ya jera hujja yadda kowa zai iya kama shi, kuma yana ganin lissafi da kimiyya ne maƙwabtansa. Ɗan nahiya yana farawa daga rayuwar da ake ciki, yana ganin mai tambaya da kalmominsa duka 'ya'yan wani zamani ne, kuma ya fi kusa da tarihi da adabi da siyasa. Na farko na zargin na biyu da tayar da hayaƙi. Na biyu na zargin na farko da ƙirga tsakuwa gida na cin wuta. Kowane zargi yana da waɗanda ya dace da su.

Mulkin mallaka ne ya raba wa Afirka ta Yamma gadon. Paulin Hountondji na Benin, wanda ya rasu a 2024, ya yi karatu a Paris, ya rubuta kundin digirinsa a kan Husserl. Kwasi Wiredu na Ghana, wanda ya rasu a 2022, ya yi nasa a Oxford a hannun Gilbert Ryle, ya kuma yi amfani da feɗe magana wajen auna kalmomin gaskiya da tunani a harshensa na Akan. Abin lura shi ne duk da sun fito ta ƙofofi daban, sun tsaya a wuri ɗaya: dukansu sun ƙi yarda a tattara karin magana da al'adun kabila a kira su falsafar Afirka ba tare da an auna su da hujja ba.

Akwai wani ɓangare na Frege da ba a sani ba sai daga baya. A 1924, shekara guda kafin rasuwarsa, ya riƙa rubuta ra'ayoyinsa na siyasa a wani littafin sirri. A ciki ya nuna ƙyamar dimokuraɗiyya da 'yan gurguzu da Faransawa da mabiya ɗarikar Katolika, ya kuma yi fatan a raba Yahudawa da haƙƙoƙinsu na siyasa a Jamus. Mutumin da ya ƙi amincewa da biyu da biyu huɗu sai da hujja, a nan ya haɗiye jita-jitar zamaninsa ba tare da ya tauna ba. Dummett, wanda ya yi shekaru yana nazarin Frege kuma ya yi fice wajen yaƙi da wariyar launin fata a Ingila, ya ce ya kaɗu ƙwarai da ya ci karo da rubutun. Ba a buga shi ga jama'a ba sai 1994.

Sauran takardunsa Alfred ya miƙa su ga masani Heinrich Scholz na jami'ar Münster a 1935. Alfred ya mutu a yaƙi a Faransa a 1944. A watan Maris na 1945 jiragen yaƙi suka yi wa Münster ruwan bama-bamai, ainihin takardun suka salwanta. Abin da ake karantawa yau daga rubuce-rubucensa na ƙarshe kwafe ne da Scholz da mataimakansa suka riga suka buga da tafireta. Kabarinsa yana Wismar, garin da aka haife shi.